Ɗaukar Shatar Jirgin Ruwa Don Hutun Ayari a Tekunan Ƙasashe Masu Zafi: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da aka ce abokai ko dangi su haɗa kuɗi su ɗauki jirgin ruwan shaƙatawa na mako guda, tambayoyin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. Na tattara waɗanda aka fi yi mini, na amsa su gwargwadon abin da na gani. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuwa na daɗe a kansu, don a nan ne tafiya take gyaruwa ko ta ɓaci tun ba a bar tudu ba.

Mene ne ma shatar jirgin, kuma iri nawa ce?

Shata ita ce ku ɗauki jirgin gaba ɗayansa, ku kaɗai, na wasu kwanaki, galibi mako guda. Babu baƙo a cikinku, babu jadawalin da wani kamfani ya tsara muku kamar na manyan jiragen yawon buɗe ido masu ɗaukar dubban mutane. Iri uku ce. Akwai wadda za a miƙa muku jirgi zalla, babu matuƙi babu kuku, ku tuƙa da kanku, ku dafa da kanku. Akwai wadda za ku ɗauki jirgin ku ƙara da hayar kyaftin, a biya shi kuɗin kowace rana, ku ciyar da shi, ku ba shi wurin kwana. Ta uku ita ce mai cikakkun ma'aikata: kyaftin, kuku, wani lokaci da mai gyaran ɗakuna, ku kuwa naku iyo da ci da barci.

Ga ayarin da bai taɓa yi ba, ta biyu ko ta uku nake ba da shawara, ko da a cikinku akwai wanda ya iya tuƙi. Wanda aka ɗora wa jirgi ba ya hutu. Kowa na barci, shi yana tashi cikin dare yana duba ko anga ta saki.

Dole ne sai ɗayanmu yana da lasisi?

In da kyaftin, babu buƙata. In kuma ku za ku tuƙa, ya danganta da ƙasar da kamfanin. Takardun da aka fi karɓa su ne ICC, wato shaidar ƙwarewa ta ƙasa da ƙasa, da Day Skipper ta hukumar RYA ta Birtaniya, da ASA 104 ta Amurka. A wurare da dama na Karibiyan, wato tekun da ke tsakanin Amurka ta Arewa da ta Kudu, kamfanoni sun fi duba tarihin tuƙin mutum: wane girman jirgi ya taɓa riƙewa, a ina, kwana nawa. In ba su gamsu ba, sai su ce dole a sa muku kyaftin na kwana ɗaya ko biyu, ko ma na makon duka, ku biya. Kada ku ƙara gishiri a wannan takarda. Minti goma na fitar da jirgi daga tasha ya isa ya tona asiri.

Mutum nawa jirgi ke ɗauka?

Ku riƙe lamba 12. Yarjejeniyar kare rayuka a teku, SOLAS, wadda aka fara ƙullawa a 1914 bayan nutsewar Titanic a 1912, tana ɗaukar duk jirgin da ya ɗauki fasinja fiye da 12 a matsayin jirgin fasinja, da ƙa'idoji masu tsauri da tsada. Shi ya sa za ku ga ƙaton jirgi mai hawa uku, amma an rubuta baƙi 12 kacal. In kun kai 16 ko 20, mafita ita ce jirgi biyu su tafi tare, su kwana a wuri ɗaya. Sau da yawa ma hakan ya fi daɗi: masu ƙananan yara da son barcin wuri a ɗaya, masu hirar dare a ɗaya.

Wani abu kuma, lambar da ke cikin talla ba ita ce lambar jin daɗi ba. Jirgi mai tsawon ƙafa 45 za a ce yana kwanar da mutum 10 ko 12, amma an ƙirga har da teburin cin abinci da ake mayarwa gado, da wasu ƙananan ramuka biyu a goshin jirgi da ake shiga ta sama. Ɗakuna na gaskiya huɗu ne, mutum takwas ke nan.

Katamaran ko jirgi mai ciki ɗaya?

Katamaran jirgi ne mai ciki biyu da aka haɗa da faffaɗan dandamali a tsakiya. Ba ya karkacewa in iska ta turo shi, kofin shayi na zama a kan tebur, ɗakunan na kusurwa huɗu nesa da juna, kuma ba ya nitsa sosai cikin ruwa, don haka yana shiga wuraren da ba su da zurfi, irin na Bahamas. Lagoon da Fountaine Pajot da Bali na Faransa, da Leopard da ake ƙerawa a Afirka ta Kudu, su ne za ku fi gani. Mai ciki ɗaya ya fi araha, masu son tuƙi don tuƙin kansa kuma sun fi ƙaunarsa, amma yana kwanciya gefe guda in iska ta yi ƙarfi, wanda bai saba ba sai ya ɗauka kifewa za a yi. Ga ayari mai yara ko dattawa, katamaran ne. Mai inji zalla kuwa ga sauri, amma mai yake sha kamar ba gobe.

Ina ya fi dacewa mu fara?

Tsibiran Birjin na Birtaniya su ne makarantar farko ta wannan harka. A Tortola, babban tsibirinsu, kamfanin shata na The Moorings ya soma a 1969, kuma har yau nan ne cibiyar shata mafi shahara a Karibiyan. Dalilin a fili yake: tsibiran na kusa da juna, kana ganin inda za ka tun daga inda ka taso, tafiyar awa ɗaya zuwa uku ce tsakaninsu, kuma sun kewaye mashigin Sir Francis Drake sun tare manyan igiyoyin teku. Da safe ku yi iyo tsakanin manyan duwatsun The Baths a Virgin Gorda, da yamma ku kwana a wani lungu daban.

Tsibiran Grenadines da ke kudancin Karibiyan sun fi buɗaɗɗen teku da igiya, ladan wahalar kuwa Tobago Cays ne, inda ake iyo tare da kunkuru. Exuma ta Bahamas ruwanta garau ne kuma marar zurfi, a cikinta akwai gandun ruwa, wato yankin teku da aka keɓe don kare halittunsa, tun 1958, inda ba a kamun kifi ko ɗaukar ko da ƙwanso. A tekun Indiya akwai Seshel mai tsibirai 115, amma shatar mako guda tana zagaya Mahé da Praslin da La Digue ne. A Tailan ana tashi daga Phuket zuwa Phang Nga, inda duwatsu ke tsaye cikin ruwa kamar an dasa su. Ostareliya na da tsibiran Whitsunday guda 74. A Indonesiya kuwa, wajen Komodo da Raja Ampat, yawanci jiragen katako na gargajiya ake ɗauka, masu suna pinisi, da ma'aikatansu. A 2017 UNESCO ta sa fasahar ƙera su cikin jerin al'adun gado na duniya.

Wane lokaci ne na shekara?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita, amma kullum sai an gama zaɓen jirgi ake tuna ta. Ƙasashe masu zafi ba su da hunturu irin na Turai, amma suna da lokacin guguwa.

A Karibiyan da Bahamas, lokacin mahaukaciyar guguwa yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba. A Satumbar 2017 guguwar Irma ta bi ta kan Tsibiran Birjin, ta tara jiragen shata kan juna a lungunan da aka ɓoye su. Shi ya sa in kun ga farashin Satumba ya faɗi warwas, ku san dalili. Disamba zuwa Afrilu shi ne lokacin da kowa ke so, makon Kirsimeti da na sabuwar shekara kuma su ne ƙololuwar tsada. Ni dai Mayu na fi so: iska ta lafa, jama'a sun ragu, farashi ya sauko, guguwa ba ta zo ba.

A Phuket da tsibiran Maldibs na tekun Indiya, rani daga wajen Nuwamba ko Disamba ne zuwa Afrilu. A kudancin tekun Fasifik abin ya juya: guguwa daga Nuwamba zuwa Afrilu, don haka Tahiti da Bora Bora sai Mayu zuwa Oktoba. Seshel ta tsakiya tana wajen hanyar guguwa, sai dai iskar kudu maso gabas ta tsakiyar shekara tana tayar da ruwa. Afrilu da Oktoba, lokacin da iska ke sauya alƙibla, teku ya fi kwanciya.

Nawa za mu kashe, kuma me ke cikin kuɗin?

A nan ake faɗa. Farashin da ke kan talla kuɗin jirgi ne, ba kuɗin tafiya ba.

A manyan jirage masu ma'aikata, yawanci ana amfani da kwantiragin ƙungiyar dillalai ta MYBA. A ƙarƙashinsa kuɗin shata ya ƙunshi jirgi da ma'aikata da inshorar jirgin kawai. Mai da abinci da abin sha da kuɗin tsayawa a tasha, duk daga wata ajiya ake cire su, mai suna APA, wadda kuke bayarwa tun kafin tafiya, kusan kashi 30 cikin 100 na kuɗin shata. Kyaftin ne ke riƙe ta, yana ajiye rasit; in ta yi saura a maido muku, in ta gaza ku cika. Mu ɗauki misali don lissafi kawai: jirgin dala 30,000, ajiyarsa wajen 9,000, tukwicin ma'aikata na kashi 10 kuma 3,000. Kun kai 42,000 ba a yi maganar haraji ko tikitin jirgin sama ba.

Katamaran masu ma'aikata a Karibiyan sun fi bin tsarin kuɗi ɗaya ya haɗa komai, har abinci sau uku da mai. Tukwici dai yana waje, kuma a can al'adar kashi 15 zuwa 20 ce. In kuwa jirgi zalla kuka ɗauka, ku lissafa kuɗin jingina da ake riƙewa a katin banki saboda ɓarna, da kuɗin share jirgi, da mai, da ruwa, da kuɗin ɗaure jirgi a kowane dare, da izinin shiga gandun ruwa. Yawanci ana ba da rabin kuɗi ranar sa hannu, sauran kuma wata guda ko fiye kafin tashi.

Ta yaya za mu raba kuɗin ba tare da an ɓata ba?

Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji masu iya magana, balle zama a wurin da bai fi falo biyu ba, ruwa ta ko'ina, babu inda mai fushi zai fita ya sha iska.

Abu na farko: mutum ɗaya ne ke sa hannu a kwantiragi, kuma shi kamfani ya sani. In mutum uku suka janye ana saura wata biyu, shi za a bi. Don haka kada ya sa hannu sai kowa ya zuba kasonsa na kafin alƙalami, kuma a rubuta a fili cewa wanda ya fasa, kuɗinsa ba ya dawowa sai ya kawo madadinsa. Na biyu: ɗakuna ba ɗaya ba ne. Wasu jiragen ɓangare guda gaba ɗaya ɗaki ɗaya ne mai faɗi, da banɗaki kamar na otal, sauran uku a matse. Ko dai mai babban ɗaki ya ƙara kuɗi, ko a yi ƙuri'a tun a gida. Na taɓa ganin aminai biyu sun yi kwana uku ba sa ga-maciji a kan ɗakin da ke kusa da janareta, alhali da an faɗa tun farko da dariya za a yi. Na uku: a yi asusu ɗaya na cefane, a ba mutum ɗaya ya riƙe, a kuma yanke tun wuri ko abin da wasu ke sha wasu ba sa sha zai shiga asusun. Yara fa, kaso cikakke ko rabi? Ku yanke. Duk amsar da kuka ba da daidai ce, muddin a tudu aka ba da ita.

Ta hannun dillali ko kai tsaye?

Dillali nagari ba ya ƙara muku kuɗi, mai jirgi ne ke biyansa la'ada. Amfaninsa shi ne ya shiga jiragen da ƙafarsa, ya san ma'aikatan. Ku tambayi shekarar da aka ƙera jirgin, ku nemi hotunan bana, ku karanta sharaɗin fasawa da na guguwa. Wanda ya matsa muku ku tura kuɗi yau-yau zuwa asusun wani mutum, ba na kamfani ba, ku bar shi.

Wa ke da ta cewa a kan hanya, mu ko kyaftin?

Ku ke faɗin inda kuke so, shi ke faɗin ko za a iya. In ya ce yau ba za a tsallaka ba saboda iska, magana ta ƙare, kuɗinku ba ya sauya wannan. Kuma ku rage buri. Jirgin ruwan da iska ke turawa yana yin mil 6 zuwa 8 na teku a awa, mil ɗin teku kuwa mita 1,852 ne. Kamfanonin shata galibi sun hana tafiyar dare, ga shi kusa da tsakiyar duniya rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida, duhu ya rufe nan take. Wurare masu murjani, wato duwatsun da ƙananan halittu ke ginawa a ƙarƙashin ruwa, su ma sai rana na sama ake shigarsu, don da ido ake karanta ruwa: shuɗi mai duhu zurfi ne, mai haske yashi ne, ruwan ƙasa-ƙasa kuwa dutse ne, a kauce. Ayarin da ya rubuta tsibiri 12 a kwana bakwai, a cikin ƙarar inji zai yi hutunsa.

Jiri da amai fa?

Suna kama wasu, har da ƙwararru, yawanci kwana ɗaya ko biyu na farko. Magani ana shan sa ne kafin a tashi, ba bayan ciki ya juya ba. A tambayi likita, don wasu na sa barci. A zauna a waje, a kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa, a ajiye waya. Shiga ɗaki a kwanta shi ne kuskuren da kowa ke yi. Citta na taimaka wa wasu.

Yaya zaman cikin jirgin yake a zahiri?

Ruwan daɗi a tanki yake, lita ɗari-ɗari ne ba dubbai ba, sai in jirgin na da na'urar tace ruwan gishiri. Wanka: a jiƙa jiki, a rufe famfo, a sa sabulu, a ɗauraye. Na'urar sanyaya ɗaki sai janareta na aiki, in babu ita kuwa tagar sama ce da iskar dare, wadda ta fi daɗi har sai an soma yayyafi ƙarfe uku kowa ya tashi rufe taga.

Sai banɗaki. Bututunsa siriri ne, ba a jefa komai a ciki, ko takarda; kwando aka ajiye a gefe. A wata tafiya ɗayanmu ya manta da wannan a rana ta biyu, kyaftin ya shafe safiya guda a durƙushe yana kwance bututu cikin zafi, mu kuwa muka rasa inda za mu sa fuskarmu. Kuɗin gyaran daga jinginarmu aka cire. Tun daga ranar ni nake yi wa kowane ayari wannan bayani da kaina.

Ku zo da jakar da ke naɗewa, akwati mai tayoyi ba shi da wurin zama. Takalmi a kwando ake barinsa a bakin shiga. Kayan sawa kuwa, rabin abin da kuka ware ya isa.

Abinci fa?

In da kuku, za a aiko muku da takardar zaɓi makonni kafin tafiya. Ku cika ta da gaske: wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko jatan lande, mai ciwon suga, wanda sai halal, abin da yara ke ci. A babban gari ake cefane kafin tashi, ƙananan tsibirai ba su da zaɓi, abin da ke akwai kuma da tsada. Kifin da kuka kama da kanku, ku nuna wa kyaftin kafin ya shiga tukunya. Manyan kifayen da ke kiwo a murjani, musamman barakuda, kan ɗauki dafin siguwatera, wanda wuta ba ta kashe shi.

Za mu iya zuwa da yara da waɗanda ba su iya iyo ba?

Ƙwarai. Ku faɗi shekarun yaran tun wuri don a tanadi rigar ceto daidai jikinsu, ku nemi a ɗaura raga a gefen jirgi. A kowane lokaci a san babba ɗaya da ke kallon yara, da suna, don “kowa na kallo” ma'anarsa babu mai kallo. Ƙaramin kwalekwalen roba mai inji da ake zuwa gaɓa da shi ya fi babban jirgin jawo rauni. A kashe inji in akwai mutum a ruwa kusa. Kowane babba ya koyi kiran gaggawa a tasha ta 16 ta rediyon VHF. A Whitsunday, daga wajen Nuwamba zuwa Mayu, ana sa rigar iyo mai rufe jiki duka saboda wasu halittun ruwa masu harbi da dafi. Wanda ya yi nutso da tulun iska kuma ya bar aƙalla awa 18 zuwa 24 kafin ya hau jirgin sama.

Akwai dokokin da ya kamata mu sani?

Ba a jefa anga a kan murjani, abin da ya ɗauki shekaru yana girma sarƙa na karya shi cikin dare ɗaya. Shi ya sa aka kafa ƙwallayen ɗaure jirgi a gandaye. Man kare fata daga rana mai sinadarin oksibenzon an hana shi a Palau da Hawai da Tsibiran Birjin na Amurka da gandayen ruwan Tailan, ku duba jikin kwalba. A Karibiyan tafiyar awa biyu kan iya zama tsallaka iyakar ƙasa: a ɗaga tutar rawaya, kyaftin ya sauka da fasfo ɗin kowa wurin kwastan da jami'an shige da fice, sauran su jira a jirgi. Don haka kowa ya duba bizar duk ƙasar da ke kan hanya, ba ta inda zai sauka kaɗai ba. Tsibiran Faransa na ƙetare, irin su Martinik da Tahiti, ba sa cikin yankin Shengen na ƙasashen Turai masu biza ɗaya, bizarsu daban take. Ku kuma sayi inshorar tafiya wadda ta ambaci jirgin ruwa da ɗauko marar lafiya daga tsibiri.

Ranar ƙarshe me ke faruwa?

Yawanci ana maido da jirgi da safe, don haka daren ƙarshe a kusa da tasha ake kwana. A cika tankin mai, ma'aikacin kamfani ya zagaya da takardarsa yana ƙirga kaya, a wasu wuraren mai nutso ya duba ƙasan jirgi. Hotunan da kuka ɗauka ranar karɓa, na duk wani karce da tsaga da kuka tarar, yanzu ne ranarsu. Tukwici a ambulan ake miƙa wa kyaftin, shi zai raba wa sauran. Kada ku yanki tikitin jirgin sama na sassafe a wannan rana. In kun taka tudu kuka ji ƙasa na lilo, ba ciwo ba ne, kunne ne bai gama sauka daga jirgi ba. Yakan ɗauki yini ɗaya ko biyu.